Fitila Mai Baki Bakwai Za Ta Cinye Mini Irin Gyaɗa

Zuwa ga Inna Gaji, mai amsa takardun masu damuwa a garin Gaya.

Inna, ki taimake ni don girman Allah, ki taimake ni tun ruwan farko bai sauka ba. In ya sauka ina cikin halin nan, to bana ba ni ba shukar gyaɗa, ƙila ma ba ni ba zaman lafiya da matata. An ce duk wanda ya aiko miki da takarda, kina sa a karanta ta ranar kasuwa a zauren gidanku tare da amsarki, don wani ya ji ya ɗauki darasi. Na yarda a karanta tawa, amma ki sakaya sunana. Ki ce wani manomi ne daga Toranke. Manoma suna da yawa a Toranke, ba wanda zai gane.

Ni mutum ne mai rufin asiri. Gonar gado gare ni, ina noma gero da dawa da gyaɗa da 'yar auduga. Ina da jakuna biyu, wato ina da su a da, da mace ɗaya, Barira, 'yar mutanen Balan, da 'ya'ya huɗu. Barira ba ta san zaman banza ba. Da rana tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, bayan magariba ta ɗauki mazari ta yi kaɗi har lisha. Tun zamanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, zaurenmu ne wurin hirar unguwa. Fitilar ƙasa ce guda ɗaya a cikin alkukin bango, haskenta bai wuce mutum ya ga inda zai tofar da tukar goro ba, kuma ban taɓa jin wani ya yi kuka da ita ba.

Sai maƙwabcina Barau ya bi fatake ƙasar Nufe, ya dawo da fitilar tagulla mai tsayuwa da ƙafarta, mai baki biyu. Inna, cikin kwana uku zaurena ya koma kamar kangon da aka yi ƙaura. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna goge mini tabarma da mazaunansu suka tattara suka koma wajen Barau. Ina zaune ni kaɗai ina jiyo dariyarsu ta kan danga. Na je sau ɗaya don kada a ce hassada nake, Barau ya tashi ya ba ni wuri dab da fitilar, ya ce in matso in kalla da kyau, ba kullum ake ganin irinta ba. Ban ci tuwo ba ranar.

Kakar da ta wuce Allah ya ba ni auduga mai kyau. Na ɗaure ta a kan jakunan biyu zan kai Kano. Barira ta biyo ni har bakin zaure ta ce abu ɗaya take so, in sayo mata fitilar ƙarfe ta maƙera, mai dogon tsaye, wadda za ta kafa kusa da ita in tana kaɗi, don idonta ya fara yaji. Na ce an gama. Wallahi da niyyar nan na fita.

Na sayar da auduga lafiya, na shiga kasuwar Kurmi, aka nuna mini rumfar wani dillali mai suna Abdulsalam. Mutumin nan, Inna, bakinsa ya fi man shanu santsi. Bai tambaye ni me nake so ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce fitilu hawa uku ne kamar yadda mutane suke hawa uku. Ya nuna na ƙasa, tuli guda, ya ce waɗannan na talaka ne, wuri ashirin, in ta fashe ba a ta'aziyya. Ya nuna na ƙarfe, ya ce na mai rufin asiri ne, wanda bai roƙa ba kuma ba a roƙe shi ba. Ya nuna na tagulla irin ta Barau sak, har guda tara a jere, ya ce na ƙananan attajirai ne da masu son a ɗauka su attajirai ne. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Ina cikin jin daɗin sai na ga wani abu a rataye a can ƙurya an lulluɓe shi da zane. Na tambaya. Ya ce in bar wannan, ba tawa ba ce.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ya buɗe. Ya yi ta ja, ya ce kallo ma yana sa mutum ciwon zuciya. Da ya yaye zanen, Inna, sai da na yi salati. Fitila ce ta rataye da ayarin Larabawa ya kawo daga Turabulus, sarƙa uku, baki bakwai a kewaye, kowane baki da kwanon ƙarau nasa, wani ja, wani kore, wani kamar zuma. Ya ce wani babban mutum ya yi cinikinta, gobe za a zo ɗauka. Ya mayar da zanen ya ci gaba da ƙoƙarin sayar mini da ta ƙarfe, yana cewa ita ce daidai ni, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ce masa araha ba ta ado. Ni na faɗi wannan da bakina, shi bai faɗa ba. Kafin la'asar kuɗin audugar duka sun shige aljihunsa, da jakina ɗaya, ƙaƙƙarfan. Ya ba ni gyaran lagwani ƙulli guda.

Kwana biyu na yi a hanya, fitila a kan jaki an naɗe ta da rigata, ni a ƙasa ba riga. Da na iso, Barira ta yi mini sannu da zuwa, ta leƙa bayana tana neman ɗayan jakin, ta dubi fitilar, sannan ta ce, "Ina tawa?" Sai lokacin na tuna. Na miƙa mata ƙullin lagwanin. Inna, matar da ta yi shekara goma sha biyar tana kaɗa auduga, ita na kawo wa zaren auduga tsaraba daga Kano. Ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya saka da alheri. Da ta yi faɗa da na fi samun barci.

Ranar da na fara kunna ta ban gaya wa kowa ba, so nake haske ya yi mini shela. Ya kuwa yi. Zaurena na jinka ne, haske ya riƙa fita ta kowace kafa, ja da kore. Wani mai dawowa daga masallaci ya hango ya kwarma ihun gobara. Kafin in miƙe, unguwa ta taso da tuluna da ƙore. Ina ɗaga hannu ina cewa fitila ce, ruwa yana shiga bakina. Barau ne ya zuba tulu na farko, kuma har yau yana tuna mini cewa shi ya fara kawo mini ɗauki.

Washegari dattawa suka ce ba za su yarda a rataye wuta bakwai a ƙarƙashin ciyawa a tsakiyar gari ba. Gaskiyarsu. Na sayar da jaki na biyu, na sayi azara, aka mayar da zauren soro. Da aka sake kunnawa sai na ga bangona duk tsaga ne, abin da ban taɓa lura da shi ba tun haihuwata. Aka yi yaɓe, aka shafa makuba. Bango ya yi kyau, sai tabarmi suka fito da tsiyarsu. Na sake tabarmi. Sai na dubi rigata na ga facin da Barira ta yi mini shekara uku da suka wuce, wanda a tsohon haske ko aljani ba zai gani ba. Fitilar nan, Inna, ba ta iya rufa wa mutum asiri ba ko kaɗan.

Amma hira ta dawo, har da riba. Masu zuwa a da ba su wuce takwas ba, yanzu in an yi ƙaranci talatin ne. Kuma ba hira kaɗai suke zuwa ba. Mai ɗinkin hula ya zo da allurarsa. Baduku ya zo da fatarsa. Wanzami ya gano cewa aski ya fi daɗi da sanyin magariba. Akwai wani da yake zuwa da wake a faifai yana tsincewa. Kowa ya kashe fitilar gidansa ya taho. Barau kuwa ya goge tasa ta tagulla, ya naɗe ta a tsumma ya ajiye, ya ce ba ya gasa da babba. Shi ne mai zuwa na farko, ya zauna daidai ƙarƙashinta, shi ne kuma mai kula mini da ita. Ina cikin magana sai ya ce, "Maigida, bakin gabas ya yi rauni, a ƙara masa." In tashi in ƙara, jama'a su ce Allah ya ƙara arziki.

Kin san man da fitilar take sha? Tandu guda kowace magariba. Abin da Barira take sayarwa a kwana uku, fitilar nan tana lashe shi kafin lisha. Da farko na riƙa ɗiban man da ta matse ina cewa zan mayar. Daga baya na daina cewa komai. Miyarmu ta koma ruwa da kuka. Fitilar ƙasa ta ɗakin Barira ta riƙa kwana uku ba ta ga mai ba, ta koma kaɗi a bakin murhu, zaren ya riƙa fitowa nan kauri nan siriri, har masaƙin da ya saba saye ya dawo mata da shi.

Kada ki ce ban yi ƙoƙarin ragewa ba. Na gwada man zurma, don shi ba a ci. Hayaƙi ya turnuƙe zauren, kowa ya koma gida da baƙin hanci, wanzami ya yanki kunnen mutum. Na gwada man kaɗe, ya daskare a kwanukan lokacin sanyi, sai na riƙa bin su ɗaya-ɗaya da garwashi. Sannan wata rana na yi ta maza na kunna baki uku kawai. Jama'a suka riƙa yi mini sannu kamar gidan makoki. Baffana Datti, ƙanin mahaifina, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko wata masifa ce ta same ni nake ɓoyewa, ya ce ɗan'uwa ba ya jin kunyar ɗan'uwa. Na rantse masa lafiya lau. Da hantsi ya aiko mini da gero ƙwarya guda, a buɗe, aka ratsa da ita ta tsakiyar gari. Da magariba na kunna bakwai ɗin, har na ɗaga lagwani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru kwana goma sha biyu da suka wuce. Zafin bazara ya fito da kunamu. Ranar na juye ɗan man da ya rage a fitilar ɗakin Barira na cika bakin da Barau ya ce ya yi rauni. Muna zaune sai na ji ƙarar 'yata Hanne, 'yar shekara shida, da muryar uwarta tana kiran a kawo wuta. Na dubi fitilar, tana can sama a sarƙa, ba ta ɗaukuwa. Na fizgi kara na kunna na ruga ciki, ya mutu kafin in kai ƙofar ɗaki. Muka yi ta lalube a duhu, yarinya tana ihu, ba mu ga inda ta harbe ta ba, ba mu ga kunamar ba, ga sauran yara uku a kan tabarma ɗaya. Barira ta sungumi Hanne, ta fito da ita zaure cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Sai da ta ce a matsa sau biyu kafin baduku ya janye fatarsa. Aka ga wurin a diddige, wanzami ya tsaga ya sa magani. Yarinya tana shessheƙa, uwar tana rungume da ita, sai Barau ya dubi jama'a ya ce, "To kun ga amfanin fitila."

Hanne ta warke, alhamdu lillahi. Amma da gari ya waye Barira ta kife turminta, ta ce ta bar matsar mai. Ta kwashe gyaɗar da ta rage, wadda ita ce irin shukarmu, ta zuba a ƙaramin rumbu, ta kwaɓa laka da hannunta ta liƙe bakinsa. Ta ce mini, ba da faɗa ba, ranar da na fasa rumbun nan in nemo wanda zai raka ta Balan. Tun ranar gero nake ɗiba ina kaiwa kasuwa ina musanya da mai, geron kuma ya kusa ƙasa.

Zan gaya miki gaskiyar da ban gaya wa kowa ba. Ina son fitilar nan. In aka kunna ta, ja da koren nan suka zuba a bango, sai in ji kamar ni ma wani ne. Shekara arba'in ina shiga kasuwa ba wanda ya san da ni sai mai son in matsa masa hanya. Yanzu daga Ajingi ake zuwa kallo, har an yi mini laƙabi da ita. In na sauke ta me zan ce wa mutane? In ban sauke ba me zan shuka?

Ga tambayoyina. Akwai wani mai da yake da araha amma yana ci kamar mai tsada? Halal ne in fasa rumbun ta ƙasa in ɗebi rabi kawai, in liƙe yadda ba za ta gane ba, tunda dai gyaɗar tawa ce? Sannan wani abu ya ƙara ɗaure mini kai: Hamma, saurayin unguwarmu da zai yi aure bayan salla, ya zo yana neman shawarata a matsayin masanin fitila, wai zai sayar da tumakinsa biyu ya tafi Kurmi, ko mai baki biyar ce ya samu. Na ce masa zan yi nazari. Me zan ce masa?

Ki yi mini afuwar tsawon takarda, takardar ma aro na yi.

Naki cikin damuwa,
Wani manomi da ba a sani ba, Toranke.
An rubuta a shekara ta dubu da ɗari biyu da tis'in da ɗaya bayan Hijira.

AMSAR INNA GAJI

Ɗana, na sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa. Sai dai mai karanta mini bai kai rabin takardar ba, mutum huɗu a zauren suka ce a gaishe ka.

Zan fara da abin da yake naka, don kana da shi. Son abu mai kyau ba laifi ba ne. Wanda ya ƙera fitilar nan don a kalla ya ƙera ta, kuma ban ga aibin manomi ya kalli abin da attajiri yake kallo ba. Riƙe zauren mahaifinka a buɗe ma abin yabo ne, gidan da ake taruwa yana da albarka. Ciwon da ka ji ranar da aka watse aka bar ka, ciwo ne na gaske, ban raina shi ba. Su ma mutanen unguwarku ba mugaye ba ne. Sun ga banza ne, kuma ban taɓa jin garin da aka ga banza aka kauce mata ba.

Amma ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Mutum talatin suna aiki da man matarka, ita tana kaɗi a bakin murhu. Ka riƙa cewa gyaɗar taka ce. Gyaɗa taka ce, guminta fa? Suya, daka, matsa, duk hannun wa? Barira ta yi maka haƙurin da ni ban yi wa mijina malam ba, Allah ya jiƙansa. Macen da ta liƙe rumbu ba ta tafi ba, gidan take tsarewa, kai ma a ciki.

Tambayarka ta farko: babu. Da akwai man da yake da araha yana ci kamar mai tsada, da na daɗe da yin arziki. Ta biyu: kada ka kuskura. Matar da ta kwaɓa laka da hannunta ta san sawun yatsunta. Kuma ko ba ta gane ba, gona za ta gane.

Yanzu ga abin yi. Tun kafin ka taɓa zancen zaure, ka zo kasuwar Gaya ka sami maƙera, ka sayi fitilar ƙarfe mai dogon tsaye da aka aike ka tun kaka. In babu abin saye, sababbin tabarmin nan sun isa. Ka ɗauko ta da kanka, ka kai mata har ɗaki, ka ba ta haƙuri da baki, kalma-kalma, ba irin haƙurin maza na shiga ana tari ana tambayar ko an ga wuƙa ba. Daga ranar, mai ya fara shiga fitilar ɗakin da yara suke kwana, abin da ya saura ya fita zaure.

Ita kuwa babbar, hanya uku ce, ka zaɓi wadda zuciyarka za ta ɗauka. Ko ka mayar da ita ta ranakun girma, daren salla, ranar suna, ranar da baƙo na kirki ya sauka. Abin da ake gani sau huɗu a shekara ya fi kwarjini a kan abin da ake tsince wake a ƙarƙashinsa. Ko ka kai ta masallacin unguwa sadaka ga mahaifinka, jama'a su ɗauki nauyin mai, kai ka riƙa ganinta kullum ba ta cin gidanka. Ko kuwa, in ba ka iya rabuwa da hirar, ka tashi a gaban kowa ka ce baki ɗaya naka ne, shi za ka riƙa cikawa don girman zauren mahaifinka, sauran shidan na jama'a ne, duk mai son ya ga ramin allurarsa ya zo da ludayin mai. Ka faɗa kana dariya, amma ka faɗa. Ka fara sanar da baffanka Datti a keɓe, don tsohon nan da zuciya ɗaya ya aiko maka da gero, kuma in ya goyi bayanka ba mai buɗe baki. Shi kuma Barau, tunda Allah ya ba shi idon gane bakin da ya yi rauni, ka ba shi bakin gabas ya zama nasa har abada.

Za a yi magana, kada in ruɗe ka. Za a ce ka karye. Kwana bakwai za a yi ana yi, ranar ta takwas akuyar wani ta shiga gonar wani a manta da kai. Waɗanda suka ci gaba da zuwa a hasken baki ɗaya, su ne abokan hirarka. Sauran abokan man Barira ne.

Hamma kuwa, ka ce masa ya bar tumakinsa su haihu. Shi da duk mai shirin ƙawata ɗaki, ga abin da na sani. Kada ka tambayi kuɗin fitila, ka tambayi cinta, domin saye rana ɗaya ne, ciyarwa kullum. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ta ƙasa guda biyu wajen mai ginin tukwane, ya zaɓi mai ƙunƙuntar baki. Ya shafe cikin alkuki da farar ƙasa, ya jingina gogaggiyar tasa a bayan wutar, zai ga haske ya ninka ba a ƙara ɗigon mai ba. In amarya mai son ado ce, ta zana bakin alkukin da jar ƙasa da shuni, ya ishi ɗaki kyau. Lagwani a murza shi siriri, a riƙa datse kansa, kaurinsa hayaƙi yake ƙarawa ba haske ba. Mai matsakaicin hali ya sayi ta ƙarfe, tana tsayuwa inda ake so, tana ɗaukuwa zuwa inda ake kuka, jika ma zai gada. Ta tagulla sai wanda zai iya cika ta shekara guda miyar gidansa ba ta canza kama ba. Abin da ya wuce nan, na mai ayari ne, shi ma in ka bincika baki biyu yake kunnawa sai ya ji sallamar baƙo. Sannan duk dillalin da ya ce maka abu ba naka ba ne, ka gode masa ka yi gaba, ranar ce kaɗai ya gaya maka gaskiya.

Ni da nake ba ka shawarar nan, mahaifina ya rubuta Alƙur'ani sau uku da hannunsa a gaban fitilar ƙasa mai ɓallen gefe, ba wasali ɗaya da ya kauce. Ban ce kowa ya zauna haka ba, ni ma ina son kyalkyali, na taɓa ba da zanena biyu don munduwar da ta koma kore a wata guda. Shi ya sa ban yi maka dariya da yawa ba.

Ka tashi ka gyara tun hadari bai haɗu ba. Allah ya sanyaya zuciyar Barira, ya raya Hanne da 'yan'uwanta, ya ba ku damina mai albarka. Allah ya mayar maka da jakunanka, su ma bayin Allah ba su ci ba, ba su sha ba, ko kallon fitilar ba su samu sun yi ba.

Taku,
Inna Gaji, Gaya.